Halin Malami da Himmar Ɗalibi a Kwas ɗin Koyon Magana da Rubutu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin malamai da ɗalibai a kwalejojin ilimi, foliteknik da jami'o'inmu, a kan kwas ɗin nan da kowa sai ya ratsa ta cikinsa amma kaɗan ne suke fita da abin da aka shirya shi dominsa. Ba a ware na malamai da na ɗalibai ba, don kowane ɓangare ya ji abin da ke ci wa ɗayan tuwo a ƙwarya.

Wane kwas ake nufi?

Sunansa ya danganta da makaranta. A jami'a, ƙarƙashin manhajar CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022, shi ne GST 111, Communication in English. Da yawa cikin waɗanda suka riga wannan manhaja sun san shi da Use of English. A foliteknik, inda hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna take tsara karatu, GNS 101 da 102 ne a shekarar farko ta difloma, sai 201 da 202 a ta biyu. A kwalejojin ilimi na ƙarƙashin hukumar NCCE kuwa General English ne, ya fara daga GSE 111 ya raka ɗalibi har ajin ƙarshe na NCE. Kayan cikin kusan ɗaya ne: sauraren lakca da ɗaukar bayani, karatu da fahimta, taƙaita rubutu, gina sakin layi, wasiƙar ofis, rahoto, da tsayawa gaban jama'a a yi bayani.

Me ya sa ɗalibai suke yi masa riƙon sakainar kashi?

Na farko, ba na sashensu ba ne. Mai karatun lissafin kuɗi ko injiniya yana ganin ba don wannan ya bar gida ba. Na biyu, yana riƙe da kiredit ɗinsa na Turanci daga WAEC ko NECO, ya kuma rubuta Turancin JAMB, don haka a tunaninsa an gama da wannan babi. Na uku, kuma wannan laifin namu ne malamai, sau da yawa abin da ake koyarwa maimaicin ajin ƙarshe na sakandare ne: rabe-raben kalmomi, lokutan aikatau, a kwafa, a haddace. Sannan a makarantu da dama jarrabawar ta koma ta kwamfuta, a zaɓi A ko B ko C. Ɗalibi ba wawa ba ne. Da ya ga ba za a taɓa neman ya buɗe baki ko ya rubuta sakin layi guda ba, sai ya nemi tambayoyin bara ya haddace. Abin da za ka ji a bakinsu shi ne "a dai haye, kada a samu kariyoba".

Ranar biyan bashin tana zuwa daga baya: lokacin rubuta rahoton SIWES, wato zaman koyon aiki a ma'aikata, lokacin kare kundin kammala karatu, ranar da ɗalibin NCE zai tsaya gaban 'yan firamare mai duba shi yana zaune a baya, ko ranar ganawar neman aiki.

Da gaske halin malami yana tasiri, ko dai uzurin malalata ne?

Yana yi, kuma a wannan kwas ya fi yi a kan sauran. A lissafi ɗalibi zai iya tsanar malami ya koma ɗaki ya koya daga littafi. Magana kuwa kamar tuƙin keke take, sai an hau an faɗi, kuma faɗuwar a gaban mutane ake yin ta. Duk wanda zai koyi bayani da Turanci dole ya yi kuskure a bainar jama'a, ba sau ɗaya ba. To wa yake yanke abin da zai biyo bayan kuskuren, dariya ko gyara? Malamin da ke tsaye a gaba.

Masu bincike sun daɗe a kan wannan. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a wata firamare a Kalifoniya ta Amurka. Sun ce wa malamai wasu yara za su yi zarra a wannan shekara, alhali yaran an tsince su ne kawai ba da wani ma'auni ba. A ƙarshen shekara yaran suka fi sauran ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. An yi ta muhawara a kan gwajin, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka zuzuta shi ba. Sai dai ya fi ƙarfi a kan ɗaliban da dama can ake kallonsu a matsayin na baya. Wannan shi ya shafe mu, domin ajinmu cike yake da yaran da tun kafin su zauna an riga an yanke musu hukunci: ya fito daga makarantar gwamnati ta ƙauye, ko daga ɓangaren Islamiyya, "ai wannan ba Turanci".

Malamin da ya yanke wannan hukunci ba sai ya faɗa ba. Ana gani a wanda yake nunawa da yatsa, a wanda yake jira ya gama magana, a wanda yake katsewa.

Wane hali ne ya fi kashe gwiwa?

Izgili. Ba tsanani ba, ba yawan aiki ba. Ɗalibai suna jure malami mai zafi idan yana da adalci kuma ya san abin da yake koyarwa, har ma su riƙa yabonsa bayan shekaru. Abin da ba sa mantawa shi ne ranar da aka kwaikwayi yadda suka furta kalma aji ya fashe da dariya.

Bahaushe yana haɗa sautin p da f a Turanci, yana mayar da v ya zama b, yana kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka jeru. Dalilin a fili yake: Hausa ba ta raba p da f a matsayin sautuka biyu, ba ta da v, kuma ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu ko uku a jere. Kowace al'umma a ƙasar nan tana da irin nata, Bayarabe da nasa, Ibo da nasa. Abu ne da ake gyarawa da atisaye, a nuna wa ɗalibi inda leɓe da haƙori suke haɗuwa. Malamin da ya mayar da shi abin barkwanci ba mutum ɗaya ya rufe wa baki ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, duk na kusa da shi sun ɗauki darasi, kuma har ƙarshen zango ba mai sake ɗaga hannu.

Bayan izgili sai rashin zuwa aji, sai tilasta sayen handawut, sai karɓar aikin gida a ƙi dawo da shi. Na ƙarshen nan ana raina shi, amma saƙonsa a fili yake: rubutunka ba wanda ya karanta.

Ina tambaya aji ya yi tsit. Raini ne ko rashin sani?

Malam, mafi yawan lokaci ba ko ɗaya. An tarbiyyantar da yaranmu a kan kada su haɗa ido da babba, kada su yi masa musu, kada su cika baki a gabansa. Yaron da ya sunkuyar da kai ladabi yake yi maka iyakar saninsa. Sai ga kwas da yake neman akasin haka: ka kalli mutane, ka ɗaga murya, ka kare ra'ayinka. Idan ba a fito fili an ce masa a nan ajin musu da hujja ba rashin kunya ba ne, ba zai ɗauka da kansa ba.

Ga kuma tsoro. Elaine Horwitz da abokan aikinta a Jami'ar Texas sun bayyana a 1986 cewa fargabar ajin koyon harshe tana da rassa uku: tsoron magana da mutane, tsoron jarrabawa, da tsoron abin da za a ce a kanka. Na ukun ne ya fi kama ɗalibinmu, kuma ba malami kaɗai yake tsoro ba, har abokai, waɗanda za su iya laƙaba masa kuskurensa ya zama sunansa har ya gama makaranta.

Akwai kuma abu mai sauƙi da ba mu lura da shi. Mary Budd Rowe, wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, ta auna a farkon shekarun 1970 ta gano malamai ba sa jira fiye da kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su wuce ga wani. Da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru, "ban sani ba" ya ragu. To ina ga wanda zai ji tambaya da Turanci, ya yi tunani da Hausa, ya juya amsar zuwa Turanci, ya duba ta a zuci ko akwai abin dariya, sannan ya buɗe baki? Ka ƙirga biyar a ranka. Shirun zai yi maka nauyi a makon farko, amma ka daure.

Ke nan kada a gyara kuskure?

A'a, malamin da ba ya gyara ya ci amanar aikinsa. Maganar lokaci ce da yawa. Idan ɗalibi yana tsakiyar bayani, a bar shi ya kai aya. Malami ya riƙa rubuta kurakuran a takarda, a ƙarshen darasi ya zaɓi uku ko huɗu da suka fi yawa ya hau allo da su ba tare da kama suna ba. A rubutu ma haka. Takardar da ta dawo ja wur, kowane layi da zane, ba ta koya wa kowa komai, ɗalibi zai ninke ta ya cusa a jaka. Zaɓi abu biyu: wannan makon daidaiton suna da aikatau, da kuma inda ake sa aya. Sauran su jira.

Ya halatta malami ya yi Hausa a ajin Turanci?

A nan malamai sun rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu hanawa suna cewa lokacin wannan darasi shi ne kaɗai wasu ɗalibai suke jin Turanci a mako, kuma a aji akwai waɗanda ba sa jin Hausa, bai kamata a mayar da su baƙi ba. Gaskiya ne.

Ra'ayina, jimla ɗaya ko biyu ta Hausa da za ta warware ƙulli ta fi minti ashirin na Turancin da ba wanda ya gane. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda malami yake kallon Hausar da ɗalibi ya zo da ita. Yaron da yake iya tsayawa ya yi sulhu tsakanin abokai, ko ya ja ciniki a kasuwar Kwari, ko yarinyar da take gabatar da jawabi a walimar sauka, ba wanda zai ce ba su iya magana ba. Sun san yadda ake buɗe zance, a jera hujja, a karanci fuskar mai sauraro. Harshen ne sabo. A bar su minti biyu su tsara tunaninsu da Hausa da na kusa da su, sannan su faɗa da Turanci. Gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarabanci, ya nuna harshen gida bai hana yara iya Turanci ba. Ɗabi'ar nan ta cin tarar mai "banakula" da muka gada daga sakandare ba ta haifar da masu Turanci ba, masu shiru ta haifar.

Ɗalibai ɗari huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya, lasifika ba ta aiki. Ta yaya kowa zai yi magana?

Ba zai yiwu kowa ya yi wa malami magana ba, kuma duk mai ba da shawarar da ba ta fara da amincewa da wannan ba bai taɓa shiga irin ajin ba. Amma kowa zai iya yi wa na kusa da shi. A jefa tambaya, a ba da minti ɗaya kowa ya rubuta, minti biyu ya gaya wa maƙwabcinsa, sannan a kira mutum uku daga wurare daban-daban, har da can baya. Ɗakin zai yi hayaniya, malamin ajin da ke kusa zai iya leƙowa. A jure. Wanda aka kira yanzu ba zai daburce sosai ba, don ya riga ya gwada amsar a kunnen mutum ɗaya.

Waya ma tana taimakawa. Rukunin mutum goma su naɗi bayanin minti biyu su turo ta WhatsApp ta hannun wakilin aji, kowane mako da wanda zai yi magana. Malami ba zai saurari duka ba, amma zai iya zaɓar biyar ya yi sharhi. Mai kunya yakan fi sakewa gaban waya, don yana iya gogewa ya sake.

Abin da ba shi da magani a hannun malami shi ne yawan da kansa. Wannan na hukumar makaranta ne: a raba aji, a ƙara masu koyarwa, a daina ɗora kwas ɗin a kan sabon malamin da ba wanda ya tambaya ko yana so.

Ai tsoron faɗuwa ma yana sa karatu. Me ya sa ba za a bi ta nan ba?

Yana sa hadda. Ba ya sa mutum ya ɗaga hannu, domin mai tsoro abin da ya fi masa aminci shi ne shiru. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin abin da ke zaburar da mutum, sun ce himmar da take ɗorewa tana tsayawa a kan abu uku: mutum ya ji yana da zaɓi, ya ji yana iyawa, ya ji an san da zamansa. Duk ukun suna hannun malami kuma ba sa cin ko sisi. Zaɓi: a bar ɗalibi ya ɗauki batun da zai yi magana a kai, mai karatun noma ya yi bayanin yadda ake adana albasa, mai karatun jinya ya yi na zazzaɓin cizon sauro. Iyawa: a fara da rabin minti kafin a kai minti biyar. Sanin zama: a kira suna. Ko ashirin malami ya riƙe cikin ɗari huɗu, ajin zai ji bambanci. Da gaskiyar masu cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Game da maki, akwai binciken Ruth Butler na 1988 da ya kamata kowane malami ya sani. Ta raba yara gida uku: wasu aka ba su maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu duka biyun. Masu sharhi kawai ne suka inganta. Waɗanda aka haɗa musu biyun ba su fi masu maki kawai ba, don ido yana sauka a kan lamba ya tsallake sharhin. Ba za mu iya soke maki ba, makaranta tana buƙatarsa. Amma za a iya dawo da rubutun farko da sharhi kaɗai, ɗalibi ya gyara, sai a sa maki a na biyu.

Ɗalibai mata sun fi yin shiru. Me za a yi?

A fara da hana gunaguni da shewar da ke tashi daga ɓangaren maza idan mace ta miƙe, kuma a hana tun ranar farko. Malami ya kiyaye nasa bakin, barkwancin "ke da aure za ki yi" ya isa ya zaunar da mace har ta gama makaranta. Aikin mutum biyu-biyu a bar mace da mace idan sun fi son haka. Kada a tilasta haɗa ido a makon farko, murya ake fara nema.

Malamin fa? Ba wanda yake tambayar abin da ya kashe masa tasa gwiwar.

Tambaya ce mai kyau. Wanda aka danƙa wa takardu ɗari biyar ya duba shi kaɗai, albashi bai kai ƙarshen wata ba, ƙarin girma kuma ya dogara da maƙalun da ya wallafa ba da yadda ya koyar ba, ba abin mamaki ba ne idan ya koma karanto tsohon littafinsa na lakca. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya bar jami'o'i suna matse zango don cike giɓi, kuma duk lokacin da aka matse zango atisaye ake fara yankewa. Yawancin malaman jami'a da foliteknik ma ba a taɓa koya musu koyarwa ba, yadda aka yi musu suke yi.

Duk wannan uzuri ne na gajiya da ƙarancin aikin gida. Ba uzurin wulaƙanci ba ne. Jiran daƙiƙa biyar da barin izgili ba sa buƙatar kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Ni ɗalibi ne, malaminmu ba ya sakin fuska. In haƙura da kwas ɗin?

Kada ka yi, kai za ka yi asara, shi ya riga ya samu aikinsa. Nemi mutum uku ko huɗu da ka yarda ba za su yi maka dariya ba, ku riƙa zama rabin awa sau biyu a mako, kowa ya yi bayanin minti biyu a kan abin da aka koyar a wani kwas. Naɗi muryarka ka saurara, za ka ji abin da ba ka san kana yi ba. Saurari labarai da Hausa, sannan ka nemi labarin nan da Turanci, tunda ka riga ka san abin da ya faru kunnenka zai koma kan yadda aka faɗe shi. Karanta shafi ɗaya da ƙarfi kullum. Idan akwai ƙungiyar muhawara ko ta 'yan jarida a makarantarku, shiga. Kuma ka gwada zuwa ofishin malamin da tambaya guda takamaimai, rubutunka a hannu: "Malam, don Allah a duba min wannan sakin layin." Da yawa daga masu ɗaure fuska a gaban ɗari huɗu wasu mutane ne daban idan mutum ɗaya ne a gabansu.

Idan abin ya wuce ɗaure fuska ya kai cin zarafi, ko neman kuɗi, ko neman lalata don maki fa?

Wannan ya fita daga batun salon koyarwa. A bi matakai: malamin da ke kula da ajinku, shugaban sashe ko daraktan sashen GST, sannan ofishin kula da harkokin ɗalibai. Makarantun gwamnatin tarayya suna da ofishin SERVICOM na karɓar koke, kuma hukumar ICPC tana ɗaukar neman kuɗi ko lalata don maki a matsayin amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, ta kuma gurfanar da malamai a kotu a kan haka. Koke a rubuce ya fi na baki. A sa rana da lokaci da wuri, a rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, a ajiye saƙonnin waya kada a goge, a riƙe kwafin takardar da aka miƙa. Idan abin ya shafi aji gaba ɗaya, kamar tilasta sayen handawut, ku sa hannu da yawa, ya fi wuya a ware mutum ɗaya a huce a kansa. Mace kuma kada ta je ofishin wanda take ƙara ita kaɗai, ko da shi ya aiko kiranta.